Babi na Biyar: Cin Zomo Ba Tare da Gudu Ba

Tun mutum yana yaro yake jin ana cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Saboda haka idan aka gaya wa manomi a Sakajiki, ko Moriki, ko Badarawa, cewa akwai masu farautar zomo a zaune, cikin wata 'yar rumfa da suke naɗewa su saɓa a kafaɗa, abin da zai fara tambaya shi ne: to, zomon ne zai kawo kansa?

Tambayar tana bisa hanya. Farautar da mutanen ƙasar Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi suka gada ta rani ce. An kawar da amfanin gona, an kaɗa gangar farauta, samari sun fito da ƙere da gora da karnuka, an jeru an tasar wa saura da fako, zomo ya zabura daga gindin sabara, ihu ya kaure. Wanda karensa ya fi sauri, ko hannunsa ya fi saiti, shi ke komawa gida da nama a rataye. A irin wannan farauta, wanda ya zauna ya tashi a tutar babu.

Duk da haka zomo yana kawo kansa. Kusan kowace yamma yana ziyartar manomin da ya shuka wake ko dankali a bakin fadama, sai dai ba ya tarar da kowa yana jiransa. Jiran nan shi ne sana'ar, kuma yana da ƙa'idojinsa.

Zomon Turawa daban, namu daban

A Ingila ana amfani da maɓoyar tafi-da-gidanka wajen harbin zomo. Can ana sayar da ita a kanti: wata raga ce mai launin ganye da ake ratayawa a kan sanduna huɗu, wata kuma ɗan tanti ne da ke buɗe kansa da zarar an zare shi daga jaka, kamar gidan sauron nan na zamani da ake sa wa jarirai. Matasa da yawa sun ga irin wannan a bidiyon waya, sun ga Bature ya zauna yamma ɗaya ya tashi da zomaye reras a gabansa. Kafin sha'awa ta kwashe mutum, ya kamata ya san cewa dabbar da ke cikin bidiyon ba ita ce ke cin waken gonarsa ba.

Zomon Ingila mai rami ne. Asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, kuma shi ne kakan zomayen da ake kiwo a keji a gidajenmu. Yana haƙa gida a ƙarƙashin ƙasa mai ƙofofi da yawa, dangi guda su zauna tare. Macen tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 30, ta haifi huɗu, biyar ko fiye, tsirara, idanu a rufe, kuma ba ta daɗewa take sake ɗaukar wani. Irin yaɗuwarsa ta isa a ba da labari. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki guda 24 a filinsa da ke jihar Victoria ta Ostireliya don ya riƙa samun abin harbi. Kafin ƙarnin ya ƙare sun zama annoba ga makiyaya da manoma, har a 1950 hukuma ta sakar musu cuta da gangan don a rage su. A Ingila kuwa, wata doka ta 1954 ta ɗora wa mai fili alhakin rage zomayen da ke filinsa. Maharbin can aikinsa mai sauƙi ne: ya nemo bakin rami, ya kafa maɓoya taku 30 daga wurin, ya zauna da bindigar iska wadda ƙararta ba ta da yawa, zomaye su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Namu na daji ba ya haƙa rami ko kaɗan. Dogon kunne gare shi da dogayen ƙafafun baya, kuma da wuya nauyinsa ya wuce kilo 3. Da rana yakan lafe a wani ɗan gurbi da ya murje a gindin sabara, ko geza, ko kalgo, ya kwantar da kunnuwa ya saje da ƙasa, har mutum ya kusa taka shi bai motsa ba. Shi kaɗai yake yawo, da dare yake kiwo. Macen ɗa ɗaya ko biyu take haifa, da gashinsu, idonsu a buɗe.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bambanci. Tun da ba shi da ƙofar gida, ba a jiransa a gida, sai a wurin cin abincinsa ko a kan hanyarsa. Kuma tun da ba ya haihuwa da yawa, wanda ya samu guda a zama ɗaya sai ya gode wa Allah ya naɗe kayansa. Mai neman ya tara goma irin na bidiyo, cikin rani guda zai share zomayen fadamar garinsu, ya bar 'yan baya da labari.

Kan burtu

Wanda ya ɗauka ɓuya ga dabba dabarar Turawa ce bai san maharban ƙasar Hausa ba. Sun daɗe da maɓoyar da ta fi kowace sauƙin ɗauka, domin a goshi ake ɗaura ta. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai tafiya a ƙasa, yana tsince-tsincen ƙwari da ƙadangaru a tsakiyar namun daji, ba wanda ke gudunsa. Sai maharbi ya samu kan burtu na gaske, ko ya sassaƙa irinsa da itace ya lulluɓe da fata, wani har ya yi masa ado da jajayen ƙwayoyin idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa yana rarrafe yana kaɗa kai, yana caccakar ƙasa yadda tsuntsun yake yi. Barewa ta ɗago ta duba, ta ga burtu, ta mayar da kai ga kiwonta. Da haka yake matsawa har kibiya ta isa. Irin waɗannan kawunan burtu na Arewacin Nijeriya suna ajiye yau a gidajen tarihi na Turai.

An fi ɗaura burtu don barewa da gada da zabin daji, kuma tsuntsun kansa ya yi ƙaranci, tun 2018 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen duniya da ake fargabar raguwarsu, don haka ba wanda ya kamata ya kashe shi saboda kansa. Abin ɗauka a nan shi ne ilimin da ke cikin dabarar. Maharbin bai ɓace daga idon barewa ba. Tana ganinsa sarai. Abin da ya yi shi ne ya zama wani abu da ta saba gani. Duk wata maɓoya da za a kafa wa zomo, a kan wannan ma'auni za a auna ta: shin ta yi kama da abin da yake wucewa ta gabansa kullum?

A nan ne manomin Zamfara ya fi mai kanti a Ingila sa'a. Bayan girbi, ko'ina aka duba a gonakin Kurya Madaro ko Dauran akwai kara a jingine, akwai damin harawa, akwai tsohuwar zana da aka kewaye lambu da ita. Zomo ya san su duka.

Neman hanyarsa

Ba a fara kafa maɓoya. Ana fara yawo ne da safe, hannu wofi, ido a ƙasa.

Daga Nuwamba zuwa Maris, ciyawar tudu ta bushe, ɗanyen ganye ya koma fadama. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Kaura Namoda da gulbin Bunsuru da ya biyo ta ƙasar Zurmi, waɗanda ke haɗuwa su ba gulbin Rima ruwa, su ne ke riƙe da lambunan rani na wannan yanki: albasa, tumatir, dankali, latas, karas, da waken rani. Zomon da ya wuni a cikin sabarar tudu, nan yake gangarowa in rana ta yi sanyi. Kuma yana da ɗabi'ar da ke kashe shi, wato bin hanya ɗaya. In ya sami kafa a shingen ƙaya yau, ta nan zai shiga gobe da jibi.

Alamominsa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya natsu. Kashinsa 'yan dunƙule-dunƙule ne zagayayyu, cike da dusar ciyawa, sun bambanta da na akuya mai ɗan tsawo da santsi. In ya ci tsiro yakan datse shi a karkace, yanka mai kyau, alhali akuya da tunkiya fizga suke yi su bar bakin a yage, domin ba su da haƙoran gaba a sama. Sawunsa a rairayin gulbi ma yana da ban mamaki: in yana tsalle, manyan sawun ƙafafun baya su ne ke faɗawa gaba, ƙananan na hannuwa a baya, ɗaya bin ɗaya. Yara da yawa sun bi sawun zomo ta baya saboda rashin sanin wannan. A kafar shinge kuma akan ga ƙasa ta yi sumul, wani lokaci da ɗan gashi maƙale a ƙaya.

Mai son tabbatarwa sai ya share bakin kafar da reshe da yamma, ya dawo da sassafe. In ya ga sabon sawu kwana biyu a jere, ya sami wurin zama.

Zana, sanduna da gwafa

Kayan maɓoyar duk suna cikin gida. Zana biyu gajeru na gamba, waɗanda tsayinsu ya kai ƙugun mutum ko ya ɗan ɗara, sun isa su rufe wanda ya zauna a ƙasa. Tsohuwa ake so, wadda rana da ƙura suka dafe, domin sabuwar zana tana ɗaukar ido. Sai sanduna huɗu masu tsini, da igiyar rama ko ta kaba, da ɗan dagi saboda ƙasar rani ba ta karɓar sanda da daɗi. A kafa sandunan, a zagaya zanar ta rufe gaba da gefe biyu, a jingina 'yan karare a jikinta don kada gefenta ya miƙe sambal, domin daji ba shi da miƙaƙƙen layi. Sannan a buɗa 'yar taga a gaba, faɗin tafin hannu, daidai idon mai zama.

Kuskuren da aka fi yi yana baya ne. Mutum ya rufe gabansa tsaf, ya bar bayansa a buɗe ga sararin sama. Haske ya ratso ta tsakanin ciyawar zana, duk motsin da ya yi sai inuwarsa ta gilma, zomo kuwa abin da idonsa ya fi kamawa ke nan. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya juya ba. Ba ya rarrabe launi yadda mutum yake yi, amma ƙiftawar motsi ba ta wuce shi. Maganin abin shi ne a jingina maɓoyar da wani abu mai duhu, kurmin geza, ko gindin mangwaro, ko tarin kara. In babu, a rataya buhun algarara a baya. Buhun leda ba ya yi, yana ƙyalli kuma yana ƙara da ɗan motsin iska.

Kafin a zauna a share busassun ganye daga ciki, a shimfiɗa buzu ko tsohon buhu. Kuma a bubbuga wurin da sanda tukuna, musamman in tarin kara ne ya kwana biyu. Ɓeraye suna son irin wannan wuri, kububuwa kuma tana bin ɓeraye, ga kunama. Saran kububuwa ba abin wasa ba ne a ƙauyen da asibiti ke da nisa.

Abu na ƙarshe shi ne gwafa, wadda za a kafa a bakin taga a ɗora bakin bindiga a kai tun kafin zomo ya iso. Ɗaga bindiga daga cinya zuwa kafaɗa shi ne babban motsin da maharbi yake yi, kuma a nan mafi yawan zomaye ke tsira. In bindigar tana kan gwafa tana kallon kafar shinge, abin da ya rage ɗan sunkuyar da kai ne kawai.

Duka kayan nan yaro ɗan shekara 12 zai iya naɗe su ya ɗauka, kuma da gangan ake son su haka. Zomo yana canza wurin kiwo in an cire dankali ko an yi wa lambu sabon shinge. Wurin da aka yi harbi yakan mutu na 'yan kwanaki. Iska ma tana juyawa. Maɓoyar da ba ta tashi, rabin amfaninta ya tafi.

Iska a fuska, rana a ƙeya

Zana tana rufe ido, ba ta rufe hanci. Zomo yana shaƙar mutum daga nesa in iska ta kai masa, kuma kunnuwan nan nasa kowanne yana juyawa da kansa. Don haka dokar farko ta dako ita ce iska ta taso daga wajen dabba ta bugi fuskar maharbi. Gwajin ba wuya: a ɗebi ƙura a sake ta, a ga inda ta nufa.

A wannan yanki Allah ya haɗa wa mai dako abu biyu a lokaci guda. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ke nan wurin zama shi ne kudu maso yammacin kafar da ake jira. A watannin nan kuma rana tana faɗuwa ne ta yamma, ta ɗan karkata kudu. Wanda ya zauna daidai da yamma, iska tana fuskarsa, rana tana ƙeyarsa, hasken ya faɗa kan zomo, shi kuma zomon in ya dubi maɓoya rana ce ke dukan idonsa. Da asuba lissafin yakan juye, domin rana za ta fito ta gaban maharbi ta haske masa taga. Mai zaman safe sai ya ɗan karkata, ya sa hanyar zomon a gefensa, ko ya tashi da zarar rana ta ɓullo.

Da damina iskar takan koma daga kudu maso yamma, amma lokacin ba na dako ba ne. Ciyawa ta yi tsawo, abinci ya wadata ko'ina, zomo ba ya buƙatar lambun kowa, ga mutane cike da gonaki.

Turare, sabulu mai ƙamshi da taba sigari duk a bar su a gida. Farar riga ma haka. Tsohuwar taguwar noma da ta sha ƙasa ta fi komai. Waya kuma a kashe mata ƙara.

Zaman kansa

A shiga maɓoya da la'asar, tun rana da sauran zafi, don daji ya manta da shigowar mutum. Mai hankali yakan yi alwala tun daga gida, domin lokacin da zomo ya fi fitowa shi ne gab da magariba. Tsakanin nan babu abin yi sai kallo. Kurciya za ta sauka, ɓera zai wuce, ƙafa za ta yi sanyi, tari zai taso a danne shi. Yaran da ke bin iyayensu a nan suke gazawa, ka ji ɗaya ya yi raɗa, "Baba, ko mu tafi?" daidai lokacin da kunnuwa biyu suka ɓullo a bakin shinge.

Zomo ba ya shigowa kai tsaye. Yakan yi tsalle biyu ya tsaya, ya miƙe zaune ya saurara, ya sake matsowa. Ba a harbinsa yana tafiya. In ya ƙi tsayawa, ɗan siririn fito yakan sa ya ƙame ya ɗaga kai, wannan ne lokacin. Tazarar kuma kada ta wuce taku 20 ga mai bindigar toka, domin bayan haka harsashin ya warwatse, sai dai a raunata dabba ta je ta mutu a wani kurmi, ba a ci ba, ba a bar ta ba. Amfanin maɓoya ke nan tun farko, ta kawo zomo kusa. Tana kawo shi kusa har mai kwari da baka ma ya samu rabonsa, ba sai da bindiga ba.

Bindigar toka tana da nata sharrin a cikin zana. Tana tofar da wuta, zana kuwa busasshiyar ciyawa ce, ga iskar hunturu. Dole bakin bindigar ya leƙa waje sosai, kuma bayan harbi a duba ko wani tartsatsi ya maƙale. Cika mata albarushi fiye da kima don ta kai nesa shi ke fasa bututu ya tafi da yatsun mai ita.

Akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: ba a harbin motsi, ba a harbin ƙara, ba a harbin ƙyallin ido. Sai an ga dabbar gaba ɗayanta, an kuma san abin da ke bayanta. Fadama da yamma ba kango ba ce. Akwai mai ban ruwa da ya makara, akwai yarinya mai tsintar itace, akwai ɗan makiyayi da ke neman akuyar da ta ɓata. Tun lokacin zaɓen wuri ake duba cewa bayan kafar akwai gaɓar gulbi, ko tudu, ko shuri da zai tare abin da ya wuce.

Ta fuskar addini zomo halal ne. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Dalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani sashe nasa, ya kuma karɓa. Maharbi yana ambaton sunan Allah lokacin harbi, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta nan take, don haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan dako. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya rarrabe farautar buƙata, wadda ta halatta, da ta wasa kawai, wadda aka ƙi. Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace. Macen zomo tana barin 'ya'yanta a ɓoye, ta dawo ta shayar da su galibi sau ɗaya a yini, bayan faɗuwar rana. Wanda ya lura zomon da ke zuwa lambunsa mai shayarwa ce, ko ya ga 'yan ƙanana a kusa, ya toshe kafar da ƙaya ya ƙyale ta.

In harsashin na dalma ne, a tsince shi tas, a yanke naman da ya kewaye raunin a zubar, musamman in yara za su ci. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan dalma, bayan yara sama da 400 da gubarta ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, sanadiyyar sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Dajin yau

Duk abin da aka faɗa a sama, kakanninmu za su iya yin sa a ko'ina, har cikin farin wata, su kwana a dako ba abin da ke damunsu sai sauro. Yau ba haka ba ne, kuma littafin da ya ɓoye wannan ya cuci mai karatunsa. Dajin Dumburum na ƙasar Zurmi da dajin Sububu da ke yamma da Shinkafi, inda da maharba ke shiga neman nama, sun zama sansanin 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a duk jihar, aka rufe kasuwannin mako. A Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Ga sojoji, ga 'yan sanda, ga 'yan sa-kai, kowa a ɗarare yake, kowa da makami.

A irin wannan hali, mutumin da ya lafe cikin ciyawa da bindiga gab da magariba yana iya gamuwa da ɗayan biyu: ɓarayin daji su ɗauke shi, ko masu tsaron gari su ɗauke shi ɓarawon daji. Ba a manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano hutun Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki. Zato kaɗai ya isa ya kashe mutum.

Saboda haka dakon zamanin nan na bakin gari ne, a lambun mutum ko na wanda ya ba shi izini, inda ana hango rufin gidaje kuma ana jin kiran salla. Kafin a kafa sanda ɗaya, mai unguwa ya sani, Sarkin Baka ya sani, masu sintiri su sani, maƙwabtan lambu su san wuri da lokaci. A tafi mutum biyu. Duhu na shiga a naɗe zana a koma, kada a bar ta tsaye ta kwana wani ya gani da safe ya ɗauka maɓoyar masu leƙen asiri ce. Ragar nan mai launin kakin soja da ake gani a bidiyo, da riguna irinta na gwanjo, a nisance su: doka ta hana farar hula sa kayan soja, rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai, kuma su 'yan bindigar ma irinsu suke sawa. Naɗe fuska da rawani don kada ta yi ƙyalli, wanda a wata ƙasa dabara ce, a nan neman mutuwa ne. A rage faɗin taga, ya wadatar.

Ita bindigar ma tana da doka. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa bindigar toka cikin waɗanda ake nema wa lasisi daga kwamishinan 'yan sanda na jiha, bindigar harsashi ta farauta da ta iska kuma daga Sufeto Janar. Wanda ba shi da takarda, kwari da baka suna nan.

Inda kuwa gari ya kai matsayin da manoma ke noma da ido ɗaya a kan hanya, babu zancen dako sam. A ƙara wa shinge ƙaya, a toshe kafofi, a bar zomo ya nemi wani lambun. Naman da bai kai kilo 3 ba bai isa a ba da rai ko kuɗin fansa a kansa ba.

Wanda Allah ya ba sa'a ya dawo gida da zomonsa, aiki bai ƙare ba, domin nama ne mai saurin lalacewa in aka bar kayan cikinsa, fatarsa kuma siririya ce, hannun da bai iya ba yana yaga ta. Babi na gaba zai yi bayanin fiɗa, da yadda ake gane naman dabbar da ba ta da lafiya, da hanyoyin ƙyafe shi ya daɗe bai ɓaci ba.